Hannun Hagun Tavia

Ban goge ba. Da wannan zan fara, don wata a cikinku, masu karanta shafin nan, ta rubuto ta ce wai duk labarin da na bayar ni ne mai gaskiya a ciki. To, ga wanda ba ni da ita.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Cordell. Shekarata ashirin da huɗu. Da safe ina canja taya a shagon Kawu Roscoe a nan Memphis, ƙarfe biyu na yi sai in wanke hannu in hau bene. Ɗaki ɗaya ne a saman shagon. Na manna tsofaffin katifu a bango, akwai kwamfuta, lasifika biyu, da kujerar da na ciro daga wata matacciyar a-kori-kura. Nan nake haɗa wa mutane waƙa. Su ɗauko a inda suka ɗauko, su kawo mini a warwatse, murya daban, fiyano daban, ganga daban, ni kuma in daidaita.

Akwai wani abu da muke yi a sana'ar nan. Idan makaɗi ya gama, kafin ya kwance kayansa, sai a ce ya bugi kowace ganga ita kaɗai. Ya buga sau ɗaya, ya jira ƙarar ta mutu, ya sake. Daga mai sanyi har mai ƙarfi. Sai a ajiye. Amfaninsu shi ne, akwai manhajar da take bin waƙa tana saurare, duk inda ta ji an bugi ganga sai ta cire wannan bugun ta dasa wani a gurbinsa. Ko cikin na makaɗin da aka ajiye, ko cikin na sayarwa da suke zuwa tare da manhajar. In aka yi da kyau, uwar da ta haifi makaɗin ma ba za ta gane ba.

Tavia ta yi mini irin wannan shekara biyu da suka wuce. Bugu arba'in da ɗaya a kan ƙaramar gangarta mai waya a gindi. A wutsiyar na ƙarshen ana jin muryarta tana cewa, "Cordell, in na ƙara ɗaya a kanka zai sauka."

Lokacin ita ce budurwata. Wata mawaƙiya a Nashville tana neman makaɗin da zai bi ta yawon wasa, aka ce kowa ya turo kiɗansa. A ɗakin nan Tavia ta ɗauki nata. Ita kuwa abin da ya bambanta ta da kowa hannun hagunta ne. Tsakanin manyan bugu yakan riƙa ɗan taɓa fatar a hankali, kamar mai gulma a bayan coci. Bugun raɗa muke ce masa. Ba a cika jin sa ba, amma in babu shi sai waƙa ta sandare. Na saurari abin da ta kaɗa, na ga bai yi kauri irin na rediyo ba, ga shi ina so a ɗauke ta. Sai na canja. Ko da nata bugun ma ban yi ba, na sayarwa na zuba. Manhajar da nake da ita a lokacin kurma ce, ba ta jin raɗa, ta share su kakaf. Tavia tana wurin aiki ranar da za a rufe karɓa, ta ce in tura kawai. Na tura. Ban gaya mata ba.

Suka kira ta can Nashville. A gaban makaɗa shida shugaban makaɗan mawaƙiyar ya kunna, bai kai minti ɗaya ba ya kashe. Ya ce wannan na'ura ce, su ba sa ɗaukar masu maguɗi.

Awa uku ta tuƙo mota ta dawo, ta hau benen nan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a kaina ina goge hotuna da waƙoƙi.

"Da bugun," ta ce.

"Na goge su tun jiya."

"Rantse."

Na rantse. Suna nan cikin wata folda da na sa wa suna Takardun Inshora.

Daga ranar ta tura gangunanta gareji, ta kama aiki a kantin magani. Ba ta faɗa wa kowa abin da ya faru ba. Mahaifiyarta, Goggo Earline, har godiya ta yi a coci, wai yarinya ta yi hankali. Ni kuwa, ranar da babu aiki, nakan rufe ƙofa in kunna su ɗaya bayan ɗaya. Kada ku tambaye ni me mutum yake ji a bugu ɗaya. Ni dai ina ji.

Litinin ɗin makon jiya ina ƙarƙashin wata mota na ji Kawu Roscoe yana cewa, "Dell, fito ka tuba, an aiko maka har gida."

Na leƙo. Takalmi ruwan ƙasa na fara gani, yana ɗaga shi yana neman inda babu baƙin mai. Farar riga a goge, ɗamarar wuya shuɗiya, agogo mai ƙyalli, a wannan zafin na Agusta. Lemuel Pruitt ke nan, shugaban mawaƙan cocinmu, ma'aikacin ofishin inshora. Shi ne yake yanke wa Goggo Earline ciyawa duk Asabar, shi ne ya kai ta wurin likitan ido. Wata takwas ke nan yana neman Tavia, kuma duk unguwa ta riga ta ba shi.

"Ɗan'uwa Cordell. Har yanzu kana nan?"

"Kai ma ga ka nan."

Muka hau sama. Ya dubi kujerar, ya ƙi zama. Ya ajiye ɗan memori a kan tebur.

"Waƙa na rubuta. Ranar Lahadi bayan sujada za a sa ta a zauren cin abinci. Daga nan kuma..." Ya ciro ɗan akwati baƙi daga aljihu, ya nuna mini, ya mayar. "Na ga bai kamata ka ji a bakin wasu ba."

"Ka kyauta."

"Babu komai tsakaninmu ko?"

"Me ke damun waƙar?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Muryata ta fita, fiyano ya fita. Gangar ce. Kamar ana dukan kwali. Ga wasu 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe a tsakani, sai ka ce ɓera a silin. An ce kana da na'urar da take canja abin nan. Ka share duka, ka sa irin na rediyo."

"Wa ya kaɗa?"

"Wani ne a coci." Katifar bango yake kallo. "Taimaka mini aka yi."

Da ya tafi na kunna gangar ita kaɗai. Tsohuwar gangar coci ce, na san ta, fatarta ta girme ni. Makirufo ɗaya suka sa, shi ma nesa. Na ji babban bugu, na ji na biyu. A tsakaninsu kuma na ji hannun hagun.

Na kashe. Na tashi na buɗe taga, na rufe. A ƙasa injin kwance ƙusa yana ta kuka. Na dawo na sake kunnawa.

Ita ce. Hannun ya yi tsatsa, a baiti na biyu ta makara, wuri ɗaya ma bugun ya kuɓuce mata gaba ɗaya. Amma babu mai raɗa irin wannan a garin nan sai ita. Shekara biyu ban ji ta taɓa sandar kiɗa ba, ashe ta koma, kuma ba ni ta kaɗa wa ba. Shi kuma bawan Allah bai san komai game da Nashville ba. Kunya yake ji don kada in san budurwarsa ce ta yi kiɗan kwali, yana so ya gyara mata a ɓoye ya burge ta. Na san wannan tunanin. Na taɓa yin sa.

Tsohuwar manhajata ta daina aiki tun da na sabunta kwamfuta a watan jiya, dole in zaɓi sabuwa. Na sauko da guda huɗu da ake ba da gwaji kyauta. Ɗaya ko buɗewa ta ƙi yi, na watsar.

Wadda kowa yake yabo a dandalin masu haɗa waƙa ita na fara gwadawa ranar Talata. Kyakkyawa ce, ba ƙarya. Hotunan ganguna masu ƙyalli, ɗaruruwa, kowanne an ɗauke shi a babban situdiyo. Maɓalli ɗaya za ka danna. Cikin minti biyar waƙar Lemuel ta koma irin ta rediyo, mai kauri, mai tsabta. Raɗar duk ta tafi. Manhajar tana da layi a tsakiyar allo, duk bugun da bai kai layin ba ba ta ɗauke shi bugu ba. Daidai abin da ya ce a yi. Na adana, na sa mata sunansa.

Sai na zauna ina kallon sunan.

In na ba shi wannan, ranar Lahadi a gaban jama'a Tavia za ta ji an sake cire ta daga kiɗanta. Za ta tambayi wanda ya ce a yi. Lemuel ba ya ƙarya, zai ce shi ne. Shi ke nan, zobe ya koma aljihu. Ni kuwa aiki aka ba ni, na yi.

Na ji daɗin wannan tunanin, ba zan ɓoye muku ba. Na sauko na canja tayoyi huɗu ina fito.

"Caca ka ci?" in ji Kawu Roscoe.

"A'a."

"To daina. Fitonka yana korar mutane."

Ranar Laraba na gwada ta gaba, don dai in ce na gwada. Wannan ita kuma kunnenta ya yi yawa. Na sauke layin ƙasa don ta ji raɗar, sai ta ji komai. Fiyano ya shigo ta makirufon ganga, ta ce bugu ne. Kujera ta yi ƙara, ta ce bugu ne. Lemuel ya yi gyaran murya kafin amshi, ta dasa masa bugu uku a jere. Waƙar soyayya ta koma harbe-harbe. Na yi dariya ni kaɗai, na ji yadda dariyar ta mutu a jikin katifu, na daina.

Ƙarfe shida na je gida. Mama ta soya tarwaɗa, ta dafa taliya, ga burodin masara. Tana sanye da rigar asibitin da take aiki, ko takalmi ba ta cire ba. Ta zuba mini, ta zauna tana kallona.

"Na ji Lemuel ya je wurinka."

"Aiki ya kawo."

"Na san irin aikin. Earline ba ta iya riƙe magana ba, har rigar da za ta sa ta nuna mini." Ta turo mini shayi mai ƙanƙara. "Ka yi masa da zuciya ɗaya, Dell."

"To, Mama."

"Kada ka ce mini to kana kallon faranti. Ban san me ka yi wa yarinyar nan ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Amma na ga lokacin da ta daina dariya, na ga lokacin da ta fara komawa. Ba kai ka komar da ita ba."

Na ci gaba da cire ƙaya.

"Kamfanin jigilar kaya na filin jirgi suna ɗaukar mutane. Na karɓo maka takarda, tana kan firij. Kana zaune a ɗaki babu iska kana gyara wa mutane waƙar aure, kai ko wadda za ta tambaye ka ka ci abinci babu."

"Ga ki."

"Ni na gaji. Ƙara taliya."

Manhajar ƙarshen mummuna ce. Allo ruwan toka, rubutu ƙanana, babu hoton komai. An ce wasu mutum biyu ne suka haɗa ta. Ba ta zuwa da bugu ko ɗaya na sayarwa. Amma tana da abu biyu. Kana iya nuna mata bugu biyar ka ce wannan ce ƙaramar ganga, sai ta koya, ta daina kula fiyano da tari. Sannan tana auna nauyin kowane bugu, ta jera maka su a allo kamar tsinken ashana, dogo da gajere, mai sanyi ta nemo masa mai sanyi, mai ƙarfi ta nemo masa mai ƙarfi. Na ɗora ta a kan kiɗan Tavia ranar Alhamis. 'Yan gajerun suka fito reras tsakanin dogayen. Karo na farko ke nan da na ga hannun hagunta da idona.

Sai manhajar ta buɗe wani fili fari tana jira in zuba mata bugun da za ta yi aiki da shi.

Na janye hannuna daga kwamfutar. Na ɗauki waya, na nemo sunanta. Na rubuta, *Tavia, ina da tambaya.* Na goge. Na rubuta, *Kiɗanki yana wurina.* Na goge wannan ma. In na tambaye ta, dole in faɗi inda zan samo bugun. Na kifa wayar, na buɗe Takardun Inshora.

Kwana biyu na yi a kai. Bugu ɗari shida da wani abu, ɗaya-ɗaya na bi su. Inda ta makara na matso da shi kaɗan. Inda ya kuɓuce mata na cike gurbin. Da na gama ranar Juma'a da la'asar na kunna, sai ga ta a ɗakin. Gangarta, hannunta, yadda take kafin Nashville. Na saurara sau ɗaya kawai. Na biyu ban iya ba.

Ranar Asabar Lemuel ya zo da ciyawa a bakin wandonsa. Waƙa biyu suna jere a allo. Na daɗe da ɗan yatsa a kan ta farko, sannan na kunna ta biyu.

Ya yamutsa fuska. "Ɓeran nan yana nan."

"Saurara dai."

Ya saurara. Kafin amshi ya fara kaɗa kai. Kafin ƙarshe ya zauna a kan kujerar da ya ƙi zama a kai ranar Litinin.

"Kai! Ɗan'uwa, me ka zuba a ciki?"

"Sirrin sana'a ne."

"Allah ya yi maka albarka. Gobe za ka zo?"

"Ina da aiki."

"Ranar Lahadi?"

"Taya ba ta san Lahadi ba."

Ban je ba. Shago a rufe, titi shiru, na hau sama na kunna fanka na zauna. Ban kunna komai ba. Ƙarfe ɗaya da kwata waya ta fara motsi. Mama ce, daga zauren coci.

*An sa waƙar*

*Dell ta yi daɗi sosai*

*Earline tana kuka ta ɓata kwalliyarta*

*Ya durƙusa*

Shiru. Na ajiye wayar a kan gwiwata ina kallon ta. Fanka ta juya ta dawo, ta juya ta dawo. Minti goma sha biyu.

*Ta ce a sake sa waƙar*

*Ba ta amsa masa ba yana nan a durƙushe*

*Ta fita ya bi ta*

*Me ka yi*

Na kifa wayar a kan tebur. Wajen ƙarfe biyu wani saƙo ya shigo, ba daga Mama ba.

*Buɗe ƙofa.*

Doguwar riga ruwan ɗorawa ce a jikinta, mai farin kwala. Ta ɗaure kitsonta sama. Fararen takalmanta suna hannunta, don ta san benen nan, ta san matakin da yake cin dunduniya. A ɗan yatsanta na hagu akwai filasta, daidai inda sanda take goga. Babu zobe. Ta wuce ni ta hau, na bi ta.

Ta dubi katifun, ta dubi kujerar. Ba ta zauna ba.

"Gangata tana gareji, Cordell. Fatarta a yage, shekara biyu. Yau na ji ta a lasifikar coci."

Ta juyo ta dube ni.

"Ka rantse mini."

"Na rantse."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Cewa ya yi in share ki duka," na ce. "Ɓera ya kira hannunki. Ga wadda ya ce a yi nan, in kina so ki ji."

Ku gafarce ni, haka na ce. Ina faɗa ina jin ƙanƙantar kaina.

"Ba na so. Ya faɗa mini da bakinsa a wurin ajiye motoci, har da ɓeran. Ya ba ni haƙuri, gwiwar wandonsa duk ƙura." Ta ajiye takalman a kan tebur. "Shi bai sani ba. Kai ka sani."

"Amma ke ce a ciki. Bugunki ne, babu na kowa. Kwana uku na yi ina neman manhajar da za ta ji hagunki."

"Sai in yi maka godiya?"

"Ban ce ba."

"A baiti na biyu na makara. Ina ya tafi?"

"Na matso da shi."

"Wajen amshi sanda ta kusa faɗuwa, na rasa bugu ɗaya."

"Na cike."

"Wa ya sa ka?"

Fanka ta juyo kanta, ta ɗaga mata kwala, ta wuce.

"Wata uku ina zuwa coci duk Alhamis da rana, lokacin da babu kowa," ta ce. "Ni kaɗai da wannan tsohuwar gangar. Hannuna yana ciwo, ina jin kunyar bango. Na yarda na kaɗa wa Lemuel ne don ina so in ji inda na kai. Sai aka kunna mini wata yarinya da ban kai ta ba, kowa yana tafa mini. Ka san yadda abin yake, a tafa maka a kan abin da ka san ba ka iya ba?" Ta girgiza kai. "Lambata ba ta canja ba, Cordell. Wancan karon ma ba ta canja ba."

Ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Kunna mini ɗanyen."

Na kunna. Kwalin ya cika ɗakin. Ta rufe ido, ta jingina da katifa, yatsunta suna bi a kan cinyarta. Da aka zo inda ta makara ta ɗan cije leɓe. Da aka zo inda bugun ya kuɓuce sai dariya ta ƙwace mata, 'yar gajeriya, ta hanci. Shekara biyu rabon ɗakin nan da wannan dariyar. Ba ni aka yi wa ba.

"Ba laifi," ta ce da ya ƙare. Da kanta take magana. "Hagun yana nan."

Sannan ta dube ni. "Nuna mini inda suke."

Na buɗe. Ta karanta sunan foldar, ta yi tsaki. Arba'in da ɗaya suna jere. Na zaɓe su duka. Na so in ce ta bar mini na ƙarshen, mai muryarta, amma na dubi fuskarta na haɗiye. Na danna. Ta sa na buɗe kwandon shara na kwamfutar, na zubar da shi. Ta sa na goge wadda aka sa a coci.

"Akwai wani wuri?"

"Babu."

Ba ta ce in rantse ba. Wannan karon kuwa gaskiya ce, ga ni ina faɗa muku.

Ta zauna a bakin kujerar tana sa takalmi. Jakarta ta buɗe kaɗan, na hango ɗan baƙin akwatin a ciki.

"Kin karɓa ke nan?"

"Ajiya ya ba ni." Ta ja zif. "Ɗanyen nan, ka haɗa shi da muryarsa da fiyanon. Kada ka canja bugu ko ɗaya, kada ka matsar da ko ɗaya. Ranar Laraba bayan gwajin waƙa zan kunna masa. In ya saurara har ƙarshe bai yamutsa fuska ba, zan sa zoben."

"In ya yamutsa fa?"

"Ba ruwanka."

"Me ya sa ni? Akwai masu haɗa waƙa a gari."

Ta miƙe, ta gyara rigarta. "Don babu mai kunnenka a garin nan. Shi ne abin da ya fi ba ni haushi."

Na ji saukarta mataki-mataki, na ji ta tsallake mai cin dunduniya, na ji ƙofa.

Akwai abin da ban gaya mata ba, kuma ina jin ta sani. Ba sai an canja bugu ake canja kiɗa ba. Maɓalli ɗaya ne a gabana. In na murɗa shi hagu, kwalin zai ƙara fitowa, makarar za ta tsaya tsirara a tsakiyar waƙa, ko kurma sai ya yamutsa fuska. In na murɗa shi dama, tsohuwar gangar za ta yi ɗumi, raɗar za ta taso, makarar ma za ta zama kamar mutum ya ja numfashi kafin ya faɗi magana mai nauyi. Duka biyun ɗanyen ne. Duka biyun ban saɓa abin da ta ce ba.

Yau Litinin. Tun ƙarfe biyu hannuna yake kan maɓallin. Kawu Roscoe ya kira ni sau uku daga ƙasa, wai wata mota ta shigo da taya biyu a sace, ban sauka ba.